Kada su cire wannan birki

Wani labari ya ce gwamnatin Ayilan, ƙasar da ke 'yar ba-ruwanmu, na so ta daina jiran izinin Majalisar Ɗinkin Duniya kafin ta tura sojoji aikin wanzar da zaman lafiya. A yanzu in sun haura 12, sai Majalisar Ɗinkin Duniya ta yarda, gwamnati ta yarda, majalisar dokokinsu ma ta sa hannu. Hujjarsu, Rasha ko Amurka na iya hawa kujerar na-ƙi. Haka ne, amma ban goyi baya ba. Mu a Daura mun gani a 2023, da ake batun tura soja Nijar. Mahaifiyata kwana take da rediyo a gefen filo, don 'yan'uwanta suna Damagaram. Sai da Majalisar Dattawan Najeriya ta ƙi amincewa sannan ta iya runtsawa.