Mililita 5 a Houston, guba a Madrid

Tun watan Satumban 2024 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙulla yarjejeniya da TikTok kan yaɗa sahihan bayanan lafiya ake ta shelar cewa an gano bakin zaren: a cika dandalin da likitoci na gaske, ƙarya za ta kau da kanta. Abin da ke ɓata mini rai shi ne yadda masu wannan magana suka ɗauka cewa ciwon bidiyon lafiya na Sifaniyanci bai wuce na 'yan damfara ba.

'Yan damfara kam akwai su. Su suka tallata sinadarin chlorine dioxide, ɗan uwan bilicin, a matsayin maganin korona, har majalisar dattawan Bolibiya ta amince da shi a Yulin 2020. Amma wannan ɓarna ce da kowa ke gani. Wadda ta fi tayar mini da hankali tana fitowa ne daga bakin likita mai lasisi, wanda bai faɗi ƙarya ko ɗaya ba.

Ƙasashe 20 ne ke da Sifaniyanci a matsayin harshen hukuma, ga kuma mutum fiye da miliyan 40 da ke magana da shi a gidajensu a Amurka. Harshe ɗaya, amma kowace ƙasa da kantin maganinta. Shi kuwa TikTok ba ruwansa da iyaka.

Ɗauki farasitamol na yara. Ƙa'idarsa miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo na nauyin yaro. A Amurka ruwan maganin na zuwa da miligiram 160 a cikin mililita 5, don haka likitar yara a Houston ta yi daidai idan ta ɗaga sirinji a gaban kyamara ta ce yaro mai kilo 12 a ba shi mililita 5. To bidiyon ya faɗa wayar wata uwa a Madrid, babban birnin Sifaniya, da tsakar dare, jikin ɗanta rau da zazzaɓi. Kwalbar da ke hannunta Apiretal ce, ruwan farasitamol na yara a Sifaniya, mai miligiram 100 a kowace mililita ɗaya. Ta ja mililita 5, ta ɗura wa yaro miligiram 500, alhali iyakar abin da ya kamace shi 180 ne. Ta maimaita duk bayan awa shida, ya sha miligiram 2,000 a yini. Mugun abin shi ne farasitamol ba ya nuna ɓarnarsa da wuri. Ranar farko sai ɗan amai ko ma lafiya lau, sai rana ta biyu ko ta uku hanta ta fara gazawa.

Suna ma tarko ne. Abin da Sifaniya ke kira paracetamol, a Kolombiya da Amurka acetaminofén ne, kuma uwa na iya haɗa biyun a zatonta magani biyu ne daban. Ga metamizol, maganin ciwo da zazzaɓi, wanda ake sha a Sifaniya da sunan Nolotil, a Meksiko kuma Neo-Melubrina: Amurka ta janye shi tun 1977 saboda yakan rushe fararen ƙwayoyin jini a wasu mutane. Wane bidiyo mai daƙiƙa 40 ne ke tsayawa ya faɗi haka?

Masu bincike a jami'o'i ma ba su tsira ba. Sukan tara bidiyoyi su auna su da ma'aunin DISCERN, mai tambayoyi 16, wanda aka fitar a 1999 don rubutattun bayanai na marasa lafiya. Yana tambayar ko an faɗi madogara, ko an ambaci illar magani, ko an yi adalci tsakanin hanyoyin jinya. Babu tambaya ko ɗaya a kan ƙasar da mai magana yake, ko ƙarfin maganin da ke hannunsa. Bidiyon Houston zai iya cin maki mai kyau a wannan jarrabawa, yaron Madrid kuma yana kwance a asibiti.

Masu cewa ai an rubuta "consulta a tu médico" a ƙasan bidiyo, wato tuntuɓi likitanka, wanke hannu kawai suke yi. Da yawan masu kallon nan a Amurka rashin inshora ne ya kai su wayar tun farko.

Abin da ake bukata ba shi da tsada. Duk likitan da zai ambaci adadin magani ya faɗe shi da miligiram ga kilo, ba da mililita ba, ya nuna jikin kwalbar, sunan ƙasarsa kuma ya tsaya a kan allo daga farko har ƙarshe. Kamfanin da ya iya gane waƙa cikin daƙiƙa kaɗan don kare haƙƙin mawaƙi zai iya gane kalmar "mililitros" ya ɗora gargaɗi a kai. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta sa wannan sharaɗi a kan duk likitan da take tallatawa.