Kafin ka sallami matarka a kan maganar Hajiya

Akwai auren da ke mutuwa a garin nan namu na Zariya ba don miji ya gaji da matarsa ba, ba kuma don kishiya ba, sai don wata cutar mantuwa da ta kama tsohuwar gidan, wadda babu wanda ya yarda cuta ce. Na san maganar za ta yi wa wasu ɗaci, tunda ta taɓa iyaye. Ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe kafin ku hau ni da faɗa.

Abin ba ya zuwa da hayaniya. Hajiya za ta tambaye ka ko yara sun tafi Islamiyya, ka amsa, kafin ka ɗaura agogo ta sake tambaya. Ta ɗora tukunya ta manta har ta ƙone. Ta sallame la'asar, ta miƙe ta sake kabbarawa. A yi dariya, a ce tsufa ne. Wata rana kuma matar da duk rayuwarta ba ta taɓa kama sunan ɗan farinta ba saboda kara, sai ka ji ta ƙwala masa kira da sunansa gatsal a gaban baƙi. Nan ma a yi shiru, kowa ya sunkuyar da kai.

Sai maganar kuɗi ta shigo, kuma a nan ake ɓarna. Tsohuwa ta ƙulle kuɗinta a bakin zani. Da dare ta kwance ta tura ƙarƙashin katifa. Da asuba ta ga wurin bai yi mata ba, ta mayar cikin langa ta rufe. Da hantsi ta laluba bakin zani, wayam. Ba ta tuna ta taɓa su ba ko kaɗan, don haka a wurinta bayani ɗaya ne ya rage: an ɗauka. Wa ke shiga ɗakin? Wadda ke share shi, ta yi mata wanka, ta wanke mata kayan da ta ɓata. Matar ɗa ke nan.

A unguwarmu cikin birni an yi haka a wani gida. Tsohuwar ta zauna a tsakar gida tana kuka da hawaye, tana cewa, “Ɗan nan, ko ni ko ita. In ka bar ta ta kwana a gidan nan ban yafe maka nonon da ka sha ba.” Ya rubuta takarda hannunsa na rawa. Yarinyar ta tafi gidansu da goyo da sunan ɓarauniya. Ba a daɗe ba tsohuwar ta ce jikarta ce ke mata sata, daga nan ta koma kan 'yar cikinta da ta zo jinya. Kuɗin kuwa a cikin gwangwanin madara aka tsince su, an tura shi can ƙasan buhun gero. Har yau ban ji wanda ya je ya wanke yarinyar nan a gaban mutanen da aka ɓata ta a gabansu ba.

Hajiya ba ƙarya ta yi ba, kuma ba muguwa ba ce. Ƙwaƙwalwarta ce ke lalacewa a hankali, abin da likitoci ke kira dimenshiya, mu kuma mu ce ruɗewa ko gigin tsufa. Mafi yawanta, kashi 60 zuwa 70 cikin 100, nau'in nan ne da ake kira Alzaima, sunan likitan Jamus da ya fara bayaninta a 1906. Majinyaciyar da ya yi bayani a kanta shekararta 51 lokacin da aka kawo ta asibiti, kuma cikin alamun farko da aka gani tare da ita har da zargin mijinta ba gaira ba dalili. Wato zargi yana cikin cutar tun ranar da aka san ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da ita, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita irin tamu. Ko a nan Zariya likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) sun taɓa gwada tsofaffi a cikin gari, aka buga sakamakon a 2011, suka samu kusan 3 cikin kowane 100 na da ita. Mu kuma muna da wata ƙofar da take shigo mana: hawan jinin da ba a shan maganinsa. Yana toshe ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa kaɗan-kaɗan, ko ya kawo shanyewar ɓarin jiki, bayan an samu sauƙin ƙafa da hannu sai a ga mutum ba shi ba ne.

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne yadda muke raba hukunci biyu. Idan aka ce Hajiya ta yi azahar raka'a bakwai, ko ta sha ruwa da rana tsaka a watan azumi, nan da nan kowa zai ce ai ba komai, an ɗauke mata alƙalami. Gaskiya ne kuwa. Amma da ta buɗe baki ta ce wance ta yi mata sata, sai maganarta ta zama yankan wuƙa. Hankalin da muka yarda bai iya riƙe lissafin raka'a ba, shi ne kuma muke karɓar shaidarsa a kan mutuncin 'yar mutane. Allah da kansa ya ba mu labarin wannan hali a Suratun Nahli aya ta 70, cewa cikinmu akwai wanda ake mayarwa ga mafi ƙasƙancin rayuwa har ya zama bai san komai ba bayan da ya sani. An hana mu ce wa iyaye ko da “uf”, wannan babu jayayya. Sai dai ban ga inda aka ce a zalunci wani don a faranta musu ba, balle a halin da su kansu ba su san abin da suke faɗa ba. Tsoron baki ne ke rikita maza, na sani. Duk wanda uwarsa ta ɗaga hannu ta ce “Allah ya isa”, sai cikinsa ya ɗuri ruwa. To ka je ka tambayi malamin da ka yarda da shi matsayin furucin wanda hankalinsa ya gushe, kafin ka taɓa biro.

Ta ɓangaren maza tsofaffi kuwa, dukiya ce ke tafiya. Alhaji ya sayar da gonar da ke hanyar Shika ga wani dillali a kan kuɗin da bai kai na akuya uku ba, ya sa hannu, gobe ya ce shi bai san zancen ba. Ya ba wani yaro katin banki da lambar sirri. Ya saki matar da suka shekara arba'in tare da daddare, da safe ya tambaya ina ta shiga ba ta kawo koko ba. Malaman fiƙihu suna da babi guda a kan hana wanda hankalinsa ya raunana taɓa dukiyarsa, don a kare shi. Amma wannan sai da takardar likita da zama gaban alƙali, kuma tun ana ga maciji tsakanin 'ya'ya ya kamata a yi shi, ba sai an fara kallon juna a kaikaice ba.

Sai 'yan uwa na nesa, waɗanda nake ganin sun fi kowa hura wutar. Yaya zai taso daga Abuja ranar sallah da shadda da turare, ya durƙusa gaban Hajiya. “Sannu da zuwa, kun zo lafiya? Ya hanya? Ya iyali? Ya aiki? Allah ya yi albarka.” Gaisuwarmu doguwa ce, kuma ta zauna daram a ƙwaƙwalwa tun yarinta, tana cikin abubuwan da cutar ke daɗewa ba ta taɓa ba. Mutum zai iya cika minti goma da ita ba tare da ya san da wa yake magana ba. Sai Yaya ya fito zaure yana cewa, “Ni fa Hajiya ras na gan ta, ku ne dai ba ku da haƙuri.” Kafin ya kai Kaduna ya rubuta a zauren WhatsApp na dangi cewa ta rame, a riƙa kula da abincinta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da Yaya zai daure ya kai magariba, da ya ga wata Hajiyar.

Don da rana ta yi ja ne abin ke tashi. Ta naɗe kayanta a ɗankwali, ta saɓa mayafi, ta ce gida za ta, Baba na jiranta a Kwarbai, alhali Baban ya rasu tun ba a haifi mai gidan ba. Likitoci sun san wannan rikicewar ta yamma sarai, alama ce sananniya a cutar. Mu kuwa da yake magariba ce, sai a ce mutanen ɓoye ne. Ba ni da ja da addu'a da tofi, wa ya isa. Abin da nake ja da shi shi ne turnuƙe tsohuwa da hayaƙi a ɗaki rufe, da danne ta ana tsawa a kunnenta wai aljani ya fita, da ɗaure mata ƙafa. Kuma gardama ba ta aiki. In ka ce mata Baba ya rasu, yau ta fara jin rasuwar, za ta yi kukan mutuwa sabo fil, gobe ma haka. Matan da suka daɗe a jinyar sun fi mu dabara: “To Hajiya, bari a yi sallah a ci tuwo, sai in raka ki.” Kafin a sauke tuwon ta manta da tafiyar. Haka in ta ce an sace kuɗi, ba a cewa ba a sace ba, sai a ce mu duba tare, kuma mai jinya takan san wuraren ɓuyan nata.

Wani zai ce tunda ba a warkewa, me za a je yi asibiti? Dalilin shi ne ba kowace mantuwa ce dimenshiya ba. Ƙarancin sinadarin B12, da matsalar ƙwayar maƙogwaro da ke kawo maƙoƙo, da ciwon damuwa, da tarin magungunan da tsoho ke sha barkatai, duk suna kwaikwayonta, kuma su ana maganinsu. Tsohon da ya rikice farat ɗaya cikin kwana biyu, sau da yawa wata cuta ce a jiki kamar ta mafitsara ko ta huhu, wannan na gaggawa ne. Wanda baki ya karkace ko hannu ya saki, a nufi asibiti a lokacin, ba sai an gwada shafe-shafe ba. Mai karkarwar hannu da tafiya sanɗa-sanɗa, wato cutar Fakinsan, akwai maganin da ke sassauta masa sosai. Ko ita dimenshiyar akwai ƙwayoyin da kan ɗan rage alamunta ga wasu, ko da ba sa tsayar da ita. Asibitin koyarwa na Shika na nan kusa da mu, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna. Abin da ke hana mu zuwa na sani: kada a ce akwai taɓin hankali a gidan, 'yan mata su rasa manema. Saboda wannan ɓoyon ne tsoho zai fice da asuba a neme shi har Kwangila, alhali da an gaya wa mai shayin bakin layi da masu Keke na unguwa, an kuma saka masa takarda mai lambar waya a aljihu, da ba a kai ga cigiya a masallaci ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na awannin jinyar masu wannan cuta mata ne ke yin su. A gidajenmu ina jin ya fi haka, kuma yawanci mace ɗaya ce tak: matar ƙaramin ɗa, ko 'yar da aurenta ya mutu ta dawo gida, aka ce ai ke ba ki da abin yi. Ba ta barci, ba ta zuwa biki, ita ake zagi, ita ake zargi. Jinyar nan kan kai shekaru, ba irin ta zazzaɓi ba ce. Uwa ta kowa ce, don haka a zauna a raba kwanaki, maza ma su karɓi dare idan uba ne. Wanda aiki ya hana shi kwana ya ɗauki kuɗin magani da na kunzugun manya da albashin mai taya aiki, a kan kari, ba sai an roƙa ba. Matar ɗa kuma a tambaye ta ko za ta iya, don ba farilla ba ce a kanta, taimako take yi, a kuma ba ta hutun da za ta je gidansu ta yi barci. Duk ranar da Hajiya ta kawo ƙararta, a fara duba ƙarƙashin katifa.