Zuba wa karnuka guba ba zai tsare mu daga kala-azar ba

Jama'a, duk sanda aka ce wata cuta tana da alaƙa da kare, shawara ɗaya ce ke fitowa a majalisa: a zuba musu guba kowa ya huta. Ni ban yarda ba, kuma kala-azar ce hujjata.

Ita ce mafi muni a dangin cutar lishmaniya. Wani ɗan ƙuda ke yaɗa ta, tsawonsa milimita 2 zuwa 3, ba ya kuka a kunne irin na sauro, macen ke cizo daga magariba zuwa asuba. Ƙwayar cutar takan zauna a saifa da hanta da ɓargo. Zazzaɓi ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, mutum ya rame, jini ya ragu, ciki ya kumbura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ana samun mutum 50,000 zuwa 90,000 da suka kamu a shekara, kuma in ba a yi magani ba fiye da kashi 95 cikin 100 ba sa tashi.

To ina kare ya shigo? A Birazil da ƙasashen gaɓar Bahar Rum, kare ne ma'ajiyar cutar. Ƙudan ya sha jininsa, ya zo ya ciji yaro. Wani karen za ka ga ya rame, gashin gefen idonsa ya zube, faratansa sun yi zaƙo-zaƙo. Wani kuwa garau yake yawo da ita. Birazil ta yi shekaru da dama tana gwada jinin karnuka tana kashe waɗanda suka kamu, amma cutar ta ci gaba da kutsawa birane. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kafin sakamako ya fito ƙuda ya gama aikinsa. Mai kare ya ɓoye nasa. Wanda aka kashe wa kuma, sati ba ya zagayowa ya ɗauko ɗan kwikwiyo, shi ma ya kamu. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Abin da ya nuna alamar nasara abu ne mai sauƙi: abin wuya mai ɗauke da maganin ƙwari da ake rataya wa kare, ya yi watanni yana korar ƙudan. An gwada shi a ƙauyukan Iran, aka ga kamuwar yara ta ragu.

Yanzu mu dawo Sakkwato. Irin lishmaniyar da aka fi sani a nan na fata ne, gyambon da ke daɗewa bai warke ba ya bar tabo, kuma shi ɓerayen daji ne ma'ajiyarsa. A Indiya da gabashin Afirka kuwa, kala-azar ta fi bi daga mutum zuwa mutum ta bakin ƙuda. Ka ga in ka kashe karnukan Wamakko da Kware baki ɗaya, wataƙila ba ka taɓa ko gefen matsalar ba, ka dai bar makiyayi ba mai gadin garke, ka bar maharbi hannu rabbana. Addini ma ya halatta ajiye kare don farauta da kiwo da tsaron gona.

Kada wani ya ce ai cutar nesa ce. Jihar Gadarif ta Sudan na cikin wuraren da ta fi yi wa ɓarna, kuma akwai ƙauyukan Hausawa a can. Zumuncinmu da Sudan tsoho ne, tun hanyar alhazai ta ƙasa da hijirar da ta kafa garin Mai Wurno a can bayan yaƙin Burmi na 1903. Ƙudan can ya fi son dajin aduwa da baƙar ƙasa mai tsagewa da rani. Wa zai ce bai san aduwa ba a ƙasar nan?

Shawarata ga hukuma ita ce a fara da bincike. Muna da tsangayar likitancin dabbobi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ga asibitin koyarwa. A ba su kuɗi su gwada karnuka, su kama ƙudajen su gano irinsu. Ranar da ake yi wa karnuka rigakafin hauka, a ɗebi jini a lokaci guda, tunda mai kare ya riga ya kawo shi da kansa. Mu kuma a gida mu liƙe tsagar bango, mu kwashe taki daga kusa da ɗakin kwana, mu kwana cikin gidan sauro mai magani, don marar magani wannan ƙudan ratsa shi yake yi.

Sai ma'aikatan lafiya, don Allah. Yaro ya wuce sati biyu yana zazzaɓi, an ba shi maganin maleriya bai ji ba, saifa ta kumbura, kada a sake cewa ciwon shawara ne ko taifod a sallame shi. A tambayi inda ya je, a tura shi babban asibiti. Akwai gwajin gaggawa da ɗigon jini daga yatsa, kuma cutar tana warkewa in an kama ta da wuri. Bangaladesh da irin wannan bin diddigin, da feshin gidaje, ta samu shaidar shawo kanta a 2023.