Wai karatun Chaucer ɓata lokaci ne

Har yanzu maganar nan ta zaman iyaye na ranar Asabar tana ci min rai. Duk wanda ya je ya san wanda nake nufi, ba sai na kama suna ba. Wai don me makarantun nan na Ingila za su ɗora wa yaranmu 'yan A-level (ajin ƙarshen sakandare) karatun Chaucer, mawaƙin Ingila da ya mutu tun 1400, da Turancin da ko Baturen layinmu ba ya ganewa. Wai a bar su da kimiyya. Sannu da hikima, Alhaji. Ashe duk abin da ya ba yaro wuya sai a ɗauke masa. To a ɗauke lissafi ma kowa ya huta.

Turancin da wuya, ban musa ba. Na ga 'yata ta yi mako biyu da ƙamus a gefe, layi ɗaya sai ta maimaita sau uku tana tsaki. Sai me? Mu da aka zaunar gaban allo muka haddace abin da sai da muka girma muka san ma'anarsa, yau mu ne za mu kawo wuya a matsayin hujja?

Ku ji abin da take karantawa. A littafinsa Canterbury Tales, ayarin masu ziyara ne suka tashi daga Landan zuwa kabarin Thomas Becket, wani waliyyin Kiristoci, suna rage hanya da labarai. A cikinsu akwai mai sayar da takardun yafe zunubi, yana yawo da ƙasusuwan alade wai na waliyyai ne. Da bakinsa ya gaya wa abokan tafiya cewa kullum wa'azinsa a kan sharrin son kuɗi ne, kuma kuɗin yake farauta da wa'azin. Sannan ya kawo labarin samari uku da suka fita neman Mutuwa su kashe ta, suka tarar da tulin zinariya a gindin bishiya. Aka aiki ƙaraminsu gari sayen burodi da giya, ya sayi guba wai ta ɓera ce, ya zuba a kwalabe. Yana dawowa biyun suka soke shi, suka zauna suka sha, suka bi shi.

Wallahi da ta karanta min sai da tsigar jikina ta tashi. Kusan labarin nan na ji a wa'azi ina yaro, na mutum uku da zinariya a zamanin Annabi Isa (AS). Kuma a wajen bayanin gubar, Chaucer ya ambaci Ibn Sina da littafinsa na likitanci.

Wannan ne ɓata lokacin? Yarinya 'yar shekara 17 ta zauna tana tsefe yadda maƙaryaci ke cin kasuwa da addini, tana kama shi daga kalamansa. Wai ba ya kawo aiki. Naka ɗan da ke kwana a waya, wane aiki ta kawo masa? Wuya ba hujja ba ce, Alhaji, ko a zama na gaba haka zan faɗa.