Surfanin da Ba Shi da Riga

(Ɗan Boko ya ja Baba Maɗinki zuwa zauren baje kolin zane-zane. Ga ƙyallaye a bango cikin firam, kowanne da fitilarsa.)

BABA: Yaro, ina rigar?

ƊAN BOKO: Wace riga, Baba?

BABA: Wadda aka yanko wannan daga jikinta.

ƊAN BOKO: Babu riga. Surfani ne na kallo, kamar zanen fenti. Ga shi an rubuta a ƙasa, ganye ne bayan ruwan sama.

BABA: (ya matso, ya ja da baya, ya goge tabarau) To ina ganyen?

ƊAN BOKO: Ai ba ganyen ake ɗinkawa ba. Abin da ya bari a zuciyar mai ɗinki ake fitarwa, jijiyoyinsa, da yadda kore ke rikiɗa rawaya.

BABA: Akuya ta riga mu zuwa ke nan. Ita ma jijiyoyin take bari.

ƊAN BOKO: Baba, ku daina, mutane na ji. Abin nan fa ba yau aka fara ba. Wata 'yar Suwizalan, Sophie Taeuber-Arp, tun kafin 1920 take ɗinka murabba'i da layuka da zaren ulu, ba tsuntsu ba fure. A 1995 har hotonta aka sa a takardar kuɗin ƙasarsu ta faran 50.

BABA: Don ta kasa ɗinka tsuntsu?

ƊAN BOKO: Don ta ƙi ɗinka shi.

BABA: Haka yaran shagona ke cewa in sun ɓata aiki.

ƊAN BOKO: Akwai ma Meredith Woolnough a Ostireliya. Da keke take ɗinka murjanin teku da jijiyar ganye a kan wani ƙyalle mai narkewa. In ta gama sai ta tsoma a ruwa, ƙyallen ya tafi, zare kaɗai ya rage. Ta kafe shi da fil a kan farar takarda, inuwarsa na faɗowa a baya.

BABA: Innalillahi! In yadin mai kaya ne fa? Ka ce masa ruwa ya sha?

(Baba ya kai hanci dab da ƙyallen. Ya yi shiru, abin da ba halinsa ba ne.)

BABA: Amma fa tsakani da Allah, hannun nan ya san allura. Zaren nan sili shida ne a murɗe. Nan mai aikin ta tsaga ta ɗauki biyu, can gefe ɗaya tal, shi ya sa launin ya dushe kamar hazo. Kuma duk cunkoson nan yadin bai tattare ba. Wanda bai ƙware ba, da ya ja zaren ya ƙudundune.

ƊAN BOKO: Kun gani! Ga waɗannan zaruruwan da ta bari suna lilo, su ne ɗigon ruwa, su ne kukan daji, su ne...

BABA: Su ne wutsiyar zare. Ga ƙullin da ta fara da shi, ga inda ta tsallaka daga kore zuwa rawaya. Yaro, tun ɗazu bayan aikin kake yi wa wa'azi. Kai, mai gadi! Zo ka juya abin nan, kun rataye shi a baibai.

MAI GADI: Ranka ya daɗe, jiya na juya shi, saura ƙiris a kore ni. Mai aikin ta ce bayan shi ne gaban.

BABA: Gaban fa?

MAI GADI: Shi ne yake kallon bango.

BABA: Me ke jikinsa?

MAI GADI: Ganye ne, Baba. Kyakkyawa, har da raɓa.

(Baba ya dubi ƙyallen, ya dubi kansa, ya miƙa wa Ɗan Boko sandarsa ya fara tuɓe riga.)

ƊAN BOKO: Subhanallahi, Baba, me kuke yi a gaban jama'a?

BABA: Juya ta zan yi. Shekara arba'in ina ɓoye irin wannan a ciki. Mai gadi, akwai sauran ƙusa a bangon nan?