Kafin a girka Windows ko Linux, a duba ranar da za a daina kula da shi

Muhawarar da ake yi tsakanin magoya bayan Windows da na Linux ba ta cika amfanar jami'in da aka ɗora wa alhakin kula da kwamfutocin ma'aikata ba, domin abin da ke gabansa shi ne manhajar da ya girka yau ta ci gaba da samun gyaran tsaro bayan shekara biyar. A ganina, wa'adin kulawa shi ne ma'aunin da ya kamata a fara da shi.

A Disambar 2020 kamfanin Red Hat ya sanar cewa CentOS 8, wani nau'in Linux wanda aka sa ran za a kula da shi har 2029, zai daina samun gyara a ƙarshen 2021. Jami'o'i da kamfanonin da suka ɗora manyan kwamfutocinsu na saba (masu ajiye bayanai da yi wa sauran kwamfutoci hidima) a kansa, saboda kyauta ne, sai suka wayi gari da aikin ƙaura a wuyansu, kuma ƙaurar saba na nufin kwashe bayanai, da gwada kowace manhaja, da kashe na'ura cikin dare lokacin da ba mai aiki. Daga wannan rikici Rocky Linux da AlmaLinux suka fito don maye gurbinsa. Shi ya sa a ɓangaren saba na fi karkata ga wasu nau'o'in Linux kamar Debian, ko Ubuntu LTS (mai dogon wa'adin kulawa) da ke fitowa duk bayan shekara biyu a watan Afrilu da alkawarin kulawa na shekara biyar.

Kwamfutar tebur lissafinta daban ne. Microsoft ya tsayar da 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ƙarshen kula da Windows 10, alhali Windows 11 yana buƙatar guntun tsaro na TPM 2.0, wanda tsofaffin kwamfutocin gwanjo da suka cika ofisoshinmu da dama ba su da shi. Ga wanda aikinsa wasiƙa da intanet ne, Linux Mint zai tsawaita ran na'urar. Amma akawun da duk lissafinsa ke cikin Excel, tilasta masa sauyi ɓata lokaci ne. Misali, birnin Munich na Jamus ya shafe shekaru yana gudanar da ofisoshinsa a kan Linux, sannan a 2017 majalisarsa ta zaɓi komawa Windows.

Akwai kuma tambayar da shugabannin ma'aikatu ba su cika yi ba kafin su sa hannu a takardar saye: idan jami'in da ya girka sabar ya ajiye aiki, ko akwai wani a ma'aikatar da ya iya sarrafa ta, kuma ya san inda aka rubuta kalmomin sirri.