Ba miyar gwangwani ba ce, baiwar Allah

Ni dai ban kira sunan kowa ba kuma ba zan kira ba, amma wallahi maganar nan kwana huɗu kenan tana cin raina, gara in faɗa in huta. Akwai wata baiwar Allah da ta shigo min gida da daddare ko sanarwa babu, ta tarar ina sauke talotalo da mashurum, wato laimar kwaɗin da ake ci, cikin miyar kirim, abincin da nake yi wa iyalina duk ranar da garin ya yi sanyi ko aka dawo gida a gajiye ana son abu mai ɗumi da zai kwantar da ciki. Na zuba mata kamar yadda zan zuba wa 'yar uwata ta jini, ta ci ta ƙara, har tana sa cokali tana kankare gefen faranti, ta ɗauki hoto ban ce mata uffan ba. Washegari sai ga magana ta zagayo ta dawo kunnena, wai ai miyar gwangwani na buɗe na juye a kan nama, wai ita ta san ɗanɗanon ta gwangwani. Haba baiwar Allah, me na tsare miki?

Abin da ya fi min ciwo ba ƙaryar ba ce, raina wahalar da aka yi ne. Ke faranti kika gani, ba ki ga tun daren da ya gabaci ranar na fito da ƙirjin talotalon daga firiza na sa shi a ƙasan firij ya saki a hankali ba, ba ki ga da safe na barbaɗa masa gishiri na mayar ya kwanta ba. Ƙirjin talotalo ba shi da kitse sosai, kowa da ya taɓa dafa shi ya sani, in kika yi masa garaje sai ya bushe ya koma kamar kina tauna igiya, gishirin nan da ake sa masa da wuri shi ne ke shiga cikin tsokar ya taimaka mata ta riƙe ruwanta. Kafin ya shiga kasko sai na goge shi da tishu ya bushe tas, don nama mai danshi ba ya soyuwa, turaruwa kawai yake yi. Na yanka shi daidai loma, na sa a mai mai zafi, minti 2 zuwa 3 kowane gefe, ya yi ja sannan na kwashe na ajiye gefe tun bai gama dahuwa ba saboda zai koma cikin miya daga baya. Wannan duk a cikin gwangwanin yake?

Toh na yi shiru na bar ta da Allah, sai kuma shekaranjiya na ga an sa hoto a sitatus, wai sabon girkin da ita ta ƙirƙiro da kanta. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ni da na kalli hoton nan ko tambaya ba sai na yi ba, na san duk abin da ya faru a kicin ɗin, tun daga mashurum ɗin da ya fito fari-fari ruwan toka yana iyo kamar an tsamo shi daga ruwan wanki.

Mashurum fa kusan kashi 90 cikin 100 nasa ruwa ne, kuma nan ne duk sirrin abincin yake, nan ne ma na fi daɗewa a tsaye. In kika juye shi duka a kasko lokaci guda kika hau juyawa, ruwan zai fito ya taru, wutar ta kasa ƙone shi, sai ya dahu cikin ruwan jikinsa ya yi santsi ba ƙamshi ba ɗanɗano. Ni kashi biyu nake raba shi, wani lokacin uku, in shimfiɗa kowane yanka ya kwanta a ƙasan kasko ba wanda ya hau kan wani, sannan in naɗe hannuna in ƙyale shi. Da farko za ki ji yana tafasa cikin ruwansa, ki yi haƙuri, can ruwan zai ƙafe ki ji sautin ya canza ya koma na suya, gefensa ya fara ja kamar gasasshen nama, ƙamshi ya cika gidan har yara su leƙo su ce me ake dafawa. Kusan minti 8 zuwa 10 kowane kashi, a tsaye. Kuma da kin tambaye ni da na gaya miki farin mashurum ɗin nan da mai ruwan ƙasa da babban nan mai faɗi da ake kira fotobelo duk iri ɗaya ne, launi ne da girma suka raba su, mai ruwan ƙasan ya ɗan fi ƙarfin ɗanɗano shi ya sa nake zaɓarsa. Amma ba ki tambaya ba, hoto kika ɗauka.

Sai miyar taki da ta tsinke, mai gefe guda, gudaji-gudaji fari gefe guda. Wannan ba sai na yi dogon bincike ba, madara kika zuba kan wuta mai ƙarfi, ƙila ma har da lemun tsami kika matsa tana tafasa don kin ji ɗan tsami-tsami a tawa. Madara ba ta da kitsen da zai kare ta, zafi ya yi yawa ko tsami ya taɓa ta sai ta guntse. Kirim ɗin girki mai kitse kashi 30 cikin 100 zuwa sama shi ne ke jure wuta, shi ma ba wai a bar shi yana ɓararraka ba. Yadda nake yi, bayan na kwashe mashurum sai in sa bota cokali 2 a kaskon nan dai ba tare da na wanke shi ba, albasa ta yi laushi, tafarnuwa ta shiga ko minti ɗaya ba ta kaiwa don tana ƙonewa ta yi ɗaci, sannan fulawa cokali 2 in yi ta juyawa kamar minti 2 har warin ɗanyen gari ya fita. Romo nake zubawa kaɗan-kaɗan ina kankare ɗan ƙanzon nan mai ja da nama da mashurum suka bari a ƙasan kasko, wallahi wannan ƙanzon shi ne ɗanɗanon da kika ce na gwangwani ne, shi ne kika rasa a naki. Sai in rage wuta can ƙasa kafin kirim ya shiga, kofi ɗaya, da masoro da ɗan tayim, in mayar da nama da mashurum su ƙarasa a hankali har miyar ta kama bayan cokali, in kika ja yatsa layin ya tsaya bai haɗe ba. Lemun tsamin kuwa sai na kashe wuta nake ɗiga shi, rabin ƙaramin cokali ma ya isa.

Duk wannan da zan iya haɗiyewa, girki ne, kowa yana kuskure kafin hannunsa ya faɗa. Abin da ya sa na kasa shiru shi ne shawarar da na ga kina ba mutane a ƙarƙashin hoton, wai ba sai an sayi mashurum ba, wanda ya fito a bayan gida bayan ruwan sama ma ya yi, ai in an dafa shikenan. Dan girman Allah ki janye maganar nan. Akwai laimar kwaɗi mai dafin da wuta ba ta kashewa, ki soya ki tafasa ki gasa yana nan, kuma wata tana kama da wadda ake ci sak, mutum zai ci ya kwanta lafiya sai bayan awa 6 ko fiye amai da gudawa su fara, a lokacin dafin ya riga ya kama hanta. Akwai masu ƙananan yara da ke bin ki suna yarda da abin da kika faɗa. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma wannan ba maganar ni da ke ba ce, rai ne. Haka batun naman, kin ce a sauke shi da ɗan ja-ja a ciki don kar ya bushe, a'a, talotalo ɗan uwan kaza ne, sai tsakiyarsa ta kai digiri 74 a ma'aunin Salshiyas, in ba ki da ma'aunin zafi ki tsaga mafi kaurin yankan ki duba. Abin da ya rage kuma kar ya wuce awa 2 a waje, miyar kirim ce, ki sa a firij a cinye cikin kwana 3 zuwa 4, in za a ɗumama a yi a ƙaramar wuta da ɗan romo.

Na san za ki karanta wannan, don ba abin da nake sawa da ke wuce ki, kuma na san masu kai miki rahoto ma sun riga sun ɗauki hotonsa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ni ban taɓa ɓoye wa kowa yadda nake girki ba, 'yan uwa da yawa a nan sun tambaye ni na rubuta musu dalla-dalla, wata ma har kira ta yi tana tsaye gaban kasko ina gaya mata kar ta juya tukuna, ta jira. Da kin ce min Anti koya min, wallahi da na ɗaura miki zani na miƙa miki cokali mun yi tare. Ranar Asabar zan sake yi in sha Allahu, wannan karon da cinya don maigidan ya fi son ta, a kan farar shinkafa, na riga na fito da naman daga firiza. Ƙarfe biyar nake ɗora kasko, kin san ƙofar.